Zanen titi da kasuwa: nisa, haske da inuwa daga Bader Goula zuwa Maradi

Duk wanda ya ratsa kasuwa a jihar Maradi ya saba ganin aikin masu zane: allon mai aski, bangon butiki, bayan kamiyo, da hotunan faɗakarwa da ma'aikatan lafiya ke ɗagawa gaban mata ranar awon yara. A ƙaramar hukumar Bader Goula, cikin gundumar Dakoro, inda manya da dama ba su yi lakwal ba, hoto yakan kai saƙon da rubutu ba zai kai ba. Sai dai hoton da aka zana ba bisa ƙa'ida ba yana ruɗa mai kallo. Idan jakin da ke can nesa ya fi rumfar da ke kusa tsawo, ko inuwar mutum ta nufi gabas ta bango kuma ta nufi yamma, mai kallo zai ji akwai abin da bai zauna ba, ko da bai iya faɗin mene ne ba. Ga mai zanen hannu kuwa batun na abinci ne, domin allunan roba da na'ura ke bugawa suna cin kasuwarsa, kuma ingancin aiki ne kawai zai riƙe masa masu saye.

Abubuwa uku ke sa zanen titi ya yi kama da titi: ƙa'idar nisa da kusa, wadda ake kira perspective da Faransanci, sai inda haske ke fitowa, sai inuwa. Lissafinsu ɗaya ne a ko'ina cikin duniya. Amma rana da ƙasa da fasalin gari sun bambanta, shi ya sa abin da littattafan zane na Turai ke nunawa ba ya dacewa kai tsaye da titin Dakoro.

Asalin ƙa'idar

Tushen ilimin yana komawa ga Ibn al-Haisam, masanin da aka haifa a Basra wajen shekarar 965, ya rasu a Alƙahira wajen 1040. A littafinsa Kitab al-Manazir, wanda ya rubuta tsakanin 1011 da 1021, ya nuna cewa gani yana faruwa ne idan haske ya taso daga abu ya shiga ido bisa miƙaƙƙen layi, saɓanin masu cewa ido ne ke fitar da haske. An fassara littafin zuwa Latin wajen 1200, masanan Turai suka yi ƙarnoni suna karanta shi.

Wanda ya mayar da wannan ilimi hanyar zane shi ne Filippo Brunelleschi, magini a birnin Florence na Italiya. Wajen 1415 zuwa 1420 ya zana wani gini da dandalin da ke gabansa a kan allo, ya huda allon, ya sa mutane su leƙa ta hudar suna kallon madubi, su gwada zanen da ginin gaskiya. Ke nan gwajin farko na wannan ƙa'ida zanen titi ne. A 1435 Leon Battista Alberti ya rubuta ta a littafi, inda ya kwatanta takarda da taga da ake hangen waje ta cikinta.

Layin ido da mahaɗa

Abu na farko da mai zane ke ja a takarda shi ne layin ido: layi ne a kwance, daidai tsayin idonsa daga ƙasa. A fili mai faɗi irin na arewacin Dakoro, layin yana faɗawa daidai inda ƙasa ke haɗuwa da sama. A cikin gari gidaje na rufe shi, amma yana nan, kuma shi ke mulkin sauran zanen.

Ƙa'idar girma mai sauƙi ce: abin da nisansa ya ninka biyu, tsawonsa a ido yana komawa rabi. Mutumin da ke mita 20 daga mai zane yana fitowa rabin wanda ke mita 10, na mita 40 kuma kashi ɗaya cikin huɗu. Ana auna wannan da kiriyon: a miƙe hannu sosai, a rufe ido ɗaya, a sa babban yatsa ya nuna tsawon abin a jikin kiriyon, sannan a gwada shi da na kusa.

Idan mai zane yana tsaye a ƙasa mai daidai, kawunan manyan mutane duka, na kusa da na nesa, suna jeruwa kusan a kan layin ido. Ƙafafunsu ne ke hawa sama a takarda gwargwadon nisansu. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa a allunan kasuwa, inda ake ɗaga mutanen nesa gaba ɗaya kamar suna tsaye a kan tudu. Idan mai zane yana zaune a dakali, layin zai ratsa mutanen tsaye ta wajen ƙugu ko ƙirji. Idan yana saman soro ko saman kamiyo, kowa yana ƙarƙashin layin. Mahayin raƙumi kuwa kansa yana sama da layin mai tsaye, ko yana kusa ko yana nesa.

Sai mahaɗa. Duk layukan da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa suna nisantar mai kallo, kamar gefen titi biyu, saman katanga da gindinta, da wayoyin lantarki, a ido suna matsowa har su haɗu a ɗigo ɗaya a kan layin ido. Waɗanda ke sama da ido suna gangarowa, na ƙasa suna hawa. Maradi wuri ne mai kyau na koyon wannan: bayan ambaliyar Gulbi ta 1945 ta cinye tsohon gari, an sake kafa shi a kan tudu da tituna miƙaƙƙu masu ratsa juna. Wanda ya tsaya tsakiyar irin wannan titi yana da mahaɗa ɗaya a gabansa. Wanda ya tsaya yana fuskantar kusurwar gini yana da biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, kuma sau da yawa suna faɗawa waje da takarda. Sanannen misali shi ne zanen Gustave Caillebotte na 1877, na wani titin Paris ranar ruwan sama, wanda ke ajiye a birnin Chicago na Amurka.

Akwai dabara ta gano tsakiyar bangon da ke nisantar ido: a ja layi biyu daga kusurwa zuwa kishiyar kusurwa, inda suka gicciye nan ne tsakiya. Za a ga rabin da ke nesa ya fi ƙanƙanta. Nan ake ɗora ƙofar zaure idan a tsakiya take.

Inda babu miƙaƙƙen titi

A ƙauyukan Bader Goula layi miƙaƙƙe ba shi da yawa. Hanya tana karkacewa tsakanin dangogin kara, bangon laka ba ya tsayawa cak, ɗakunan ciyawa da rumbuna kuma kewayayyu ne. A nan mahaɗa ba ta taimakawa sosai, amma layin ido yana nan da aikinsa, sai a ƙara masa dabaru huɗu.

Ta farko ita ce da'ira. Bakin rijiya, gindin rumbu da bakin tulu ba sa fitowa zagaye a ido, suna fitowa kamar ƙwai a kwance. Gwargwadon kusancinsu da layin ido, haka suke ƙara matsewa. Gindin ɗaki, da yake ƙasa da ido, yana lanƙwasa zuwa ƙasa. Bakin jinka idan ya fi ido tsayi yana lanƙwasa zuwa sama. Wanda ya ja su duka a miƙe, ɗakinsa zai fito kamar an yanko shi daga kwali.

Ta biyu ita ce rufewa: abin da ke gaba ya ɓoye wani ɓangare na abin da ke baya. Amalanke da ta rufe rabin rumfa ta fi kowane lissafi nuna wanda ke kusa. Ta uku, maimaita abin da kowa ya san girmansa, kamar akuya, buhun hatsi ko mace da tulu, a nisa daban-daban. Ta huɗu ita ce iska. Littattafan Turai suna koyar da cewa abin da ke nesa yana komawa shuɗi-shuɗi. A nan, daga Disamba zuwa Fabrairu, hazon hunturu yana mayar da shi fari-fari mai ƙura, bishiya ta rasa kaifin gefenta tun ba ta yi nisa sosai ba. Saboda haka baƙi mai ƙarfi na gaban zane ne, bayansa kuma a sassauta hannu.

Haɗa waɗannan dabaru yana da muhimmanci a hotunan faɗakarwa. A 1960 wani mai bincike a Afirka ta Kudu, William Hudson, ya nuna wa mutane zanen maharbi da mashi, da barewa a kusa, da giwa ƙarama can nesa tsakaninsu. Wasu da ba su saba da hotuna ba suka ce giwa ake hari. Daga baya masana sun soki gwajin, suna cewa zanen kansa bai ba da isassun alamun nisa ba. Darasin da ya rage shi ne kada a dogara da ƙanƙanta abu kaɗai. Idan ana son nuna cewa salga tana nesa da rijiya, a sa hanya, da mutane, da danga a tsakaninsu.

Rana a saman Dakoro

Yankin Dakoro yana tsakanin digiri 14 da 15 arewa da tsakiyar duniya. A Faransa rana ba ta taɓa zuwa tsakar ka, kuma inuwar tsakar rana kullum arewa take nufa. A nan kuwa rana tana tsayawa daidai tsakar ka sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da wajen tsakiyar Agusta. A waɗannan kwanaki, da tsakar rana, sanda a tsaye kusan ba ta da inuwa. Tsakanin waɗannan lokuta biyu inuwar tsakar rana tana karkata kudu, gajeriya ce ƙwarai. Sauran shekara tana nufar arewa, kuma a ƙarshen Disamba takan kai kusan kashi huɗu cikin biyar na tsawon abin. Tsakar rana ta gaskiya a nan tana zuwa ne wajen ƙarfe 12 da rabi na agogon Nijar, da ɗan gaba ko baya gwargwadon wata.

Tsawon inuwa yana bin tsayin rana. Idan rana ta yi rabin hanya tsakanin ƙasa da tsakar ka, wato digiri 45, inuwa daidai take da mai ita. A digiri 30 tana kusan ninki biyu saura kaɗan, a digiri 60 kuma ta ɗan wuce rabi. Mutanen ƙasar nan sun san wannan awo tun kafin agogo, domin a mazhabar Malikiyya lokacin la'asar yana shiga ne idan inuwar abu ta kai tsawonsa, ban da ɗan abin da ya rage mata da tsakar rana. Mai kallo yana karanta lokaci a jikin inuwa ko da bai lura ba.

Da yake rana tana da nisa ƙwarai, inuwoyin da ke kan ƙasa mai daidai duka hanya ɗaya suke bi. Idan rana tana gefen mai zane, suna kwanciya a jere zuwa gefe ɗaya. Idan tana gabansa, suna tahowa wajensa suna bajewa daga ɗigo ɗaya a kan layin ido, daidai ƙarƙashin rana. Idan tana bayansa, suna gudu gaba suna matsewa. Inuwa idan ta iske bango, sai ta karye ta hau shi.

Rana tana tafiyar digiri 15 a kowace awa, don haka wanda ya shafe awa biyu yana zane zai tarar inuwoyin farko da na ƙarshe sun saɓa. Maganin shi ne a yi wa gefen dukkan inuwoyi alama a mintoci goma na farko, a riƙe su haka har a gama. Hantsi da bayan la'asar su ne suka fi ba da siffa. Hasken tsakar rana yana shafe fuskar bango, ya bar inuwa ƙarƙashin malafa da ƙarƙashin mota kawai.

Inuwa ce kuma ke rarraba mutane a titi. A titin da ya miƙe gabas zuwa yamma, lokacin sanyi katangar kudu ce ke jefa inuwa cikin hanya, tsofaffi kuwa suna jingine da ta arewa suna shan hantsi. Da bazara kowa yana maƙale da duk inuwar da ya samu, ƴan fada suna jan benci daga wannan gefe zuwa wancan, tsakiyar titi babu kowa sai mai wucewa. Bishiyoyi ma suna da lokacinsu: dogon yaro yana ba da inuwa mai kauri, gawo kuwa yana zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani. Zanen da ya haɗa gona kore shar da gawo mai cike da ganye, manomi zai gane kuskurensa nan take.

Cikin inuwa, da hasken dare

Inuwa iri biyu ce. Akwai ta jikin abu, wato gefen da bai fuskanci rana ba, akwai kuma wadda abin ya jefa a ƙasa ko a bango. Ta jiki a kan rumbu ko tulu tana shiga a hankali, daga haske zuwa duhu. Wadda aka jefa tana da kaifin baki, ta fi duhu a gindin abu, kuma ita ce ke dasa shi a ƙasa. Mutumin da aka zana ba tare da ita ba yana fitowa kamar yana shawagi.

A ƙasar rairayi inuwa ba baƙa ƙirin ba ce. Yashi yana mayar da haske sama, ya haska ƙasan haɓa, cikin raƙumi da gindin bango. A ajiye baƙi mafi ƙarfi don wurare kaɗan: cikin ƙofar zaure, can ƙuryar butiki, ƙarƙashin kamiyo. Matakai huɗu sun isa: farin takarda, toka-toka mai haske, toka-toka mai duhu, da baƙi. Rumfar kara ta kasuwa tana tace rana, ta zubo ratsi-ratsi a kan kaya da tufafi, kuma ratsin yana lanƙwasa bisa siffar abin da ya sauka a kai.

Da dare ƙa'ida tana sauyawa. Fitilar mai shayi ko ta mai tsire tana kusa, don haka inuwoyi suna bajewa ko'ina daga ƙarƙashinta. Haskenta yana raguwa da sauri: a ninkin nisa biyu, kashi ɗaya cikin huɗu ne ke saura. Fuskoki biyu ko uku ne ke fitowa sarai, sauran su nitse. Wannan salo na haske cikin duhu shi ne ya ɗaukaka sunan Caravaggio, ɗan Italiya da ya rayu daga 1571 zuwa 1610.

Abin da magina da matafiya suka bari

Maginan Hausa sun daɗe suna aiki da inuwa. Zanen da ake tayarwa a fuskar gidajen unguwar Birni ta Damagaram, da na Kano da Zariya, yana fitowa ne idan rana ta bugo shi daga gefe, kowane dagi ya samu bakin inuwarsa. Zankwaye suna yanka sararin sama, indararo yana jefa doguwar inuwa a bango. Haka sandunan da ke jikin hasumiyar masallacin Agadas mai tsawon mita 27. Mai zana irin waɗannan gine-gine ya zana inuwar ado, adon zai fito da kansa.

Daga cikin tsofaffin zane-zanen garuruwan yankin akwai na Heinrich Barth, Bajamushen da ya yi tafiya da sunan Abdul Karim. Ya shiga Agadas a Oktoba 1850, ya bi ta Tasawa da Katsina a Janairu 1851, ya isa Kano a Fabrairu. Ya hau Dala ya zana birnin daga sama, abin da ya ɗaga layin ido, gari ya shimfiɗu ƙarƙashinsa. A Jamus ne wani mai zane, Johann Martin Bernatz, ya sake aikin hotunan don littafin Barth mai juzu'i biyar da ya fito a 1857 da 1858. Masana tarihi suna amfani da su har yau, tare da tuna cewa hannun da ya kammala su ba shi ne idon da ya ga wurin ba.

Addini da izini

Masu koyo da yawa suna tambaya game da hukuncin zane. Akasarin malamai ba su hana zana gini, bishiya ko hanya ba. Game da mai rai, littattafan Malikiyya suna bambanta siffa mai jiki, wadda suke kira mai inuwa, kamar gunki, da zanen da ke shimfiɗe a takarda ko bango, suna tsananta hukuncin ta farko. Inuwar da suke nufi ita ce wadda jikin siffar ke jefawa, ba wadda aka shafa da kiriyon ba. Wasu malamai sun fi haka tsanantawa, shi ya sa akwai masu zane da ke barin fuska babu ido da baki, ko su tsaya ga gine-gine.

A kan titi kuma ladabi ne a gaida masu wuri, a faɗa musu abin da ake yi, a nemi izini kafin a zana mutum, musamman mata. Barikin soja, ofishin jandarma da shingayen tsaro ba wuraren zama da takarda ba ne.

Tsarin aiki

Kayan farawa ba su da tsada: kiriyon HB na layi, 2B ko 4B na inuwa, ko gawayi da takardar buhun siminti. Ana zaɓar wuri a zauna ba a motsa ba, a ja layin ido, a sa mahaɗa idan akwai, a ɗora manyan siffofi kamar akwatuna da tuluna, a yi wa inuwa alama, sannan mutane da dabbobi, ado kuma a ƙarshe. Hoton salula yana taimakawa wajen tuna inuwa, amma yana ƙara wa titi zurfi, kuma idan an ɗaga wayar sama bangaye suna karkacewa ciki.

A 1958 wasu ɗaliban zane a kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, sun kafa ƙungiya. Cikinsu akwai Uche Okeke, Demas Nwoko, Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya. Matsayinsu shi ne a koyi dabarun da malaman Turai ke koyarwa, amma a gina aiki a kan gadon gida da abin da ido ke gani a gida. Ga ɗan lakwal a Bader Goula ko mai fentin alluna a Dakoro, gwajin da zai fara da shi ke nan: ya zana lungu ɗaya sau uku a yini ɗaya, da hantsi, da azahar, da bayan la'asar, ya nuna wa wani dattijon unguwa ba tare da bayani ba. Idan dattijon ya faɗi lungun kuma ya faɗi lokacin kowane zane, aikin ya kama hanya.